Tsohon Lissafi da Sabuwar Jama'a: Sauyin Yawan Al'umma da Rikicin Rabo a Siyasar Duniya

Tsakure

Wannan takarda ta dubi yadda sauyin yawan jama'a ke taɓa siyasa, a ƙasashen da haihuwa ta ja baya da kuma waɗanda yara suka yi wa yawa. Hujjar da aka gina ta a kai ita ce, yawan mutane ko ƙarancinsu shi kaɗai ba ya haddasa rikici. Rikici yakan taso ne idan ƙa'idar rabon kujeru ko kuɗi ko fansho ta tsaya a kan lissafin da jama'a suka riga suka wuce, masu cin moriyarta kuma suka ƙi yarda a sake ƙirga. An fi mayar da hankali kan Indiya da Labanon da Nijeriya, aka ɗan leƙa Turai da gabashin Asiya da Jamhuriyar Nijar.

1.0 Gabatarwa



Ranar 15 ga Nuwamba, 2022, Majalisar Ɗinkin Duniya ta ayyana cewa 'yan Adam sun cika biliyan 8. Sai wajen 1804 duniya ta tara biliyan na farko, na biyu ya cika a 1927, amma tsakanin na bakwai da na takwas shekara 11 kacal aka yi. Wanda ya tsaya a nan zai ce ai maganar Thomas Malthus ta 1798 ce ke tabbata, ko ta Paul Ehrlich da ya firgita duniya da hasashen yunwa a 1968. Sai dai alƙaluman suna da wata fuskar. A farkon shekarun 1950, a matsakaicin lissafin duniya, mace tana haifar 'ya'ya kusan biyar a rayuwarta. Yau lissafin bai kai biyu da rabi ba. Hasashen da Majalisar ta fitar a 2024 ya nuna jama'ar duniya za ta tsaya a wajen biliyan 10.3 a tsakiyar shekarun 2080, daga nan ta fara raguwa. A fiye da rabin ƙasashen duniya haihuwa ta riga ta faɗi ƙasa da 2.1, wato adadin da al'umma ke buƙata kafin ta maye gurbin waɗanda ke mutuwa.

Tun 1945 Frank Notestein ya bayyana yadda abin ke tafiya. Mace-mace ne ke fara raguwa saboda magani da tsabtataccen ruwa da abinci, haihuwa ta biyo baya a makare, a tsakanin biyun kuma jama'a ta tumbatsa. Kowace ƙasa tana nata zangon a wannan tafiya. Rabin mutanen Nijar ba su wuce shekara 16 ba, rabin mutanen Japan kuwa sun doshi 50 ko sun haura. A 1950 mutanen Turai sun ninka na Afirka fiye da sau biyu. Yau Afirka ce ta ninka Turai, kuma zuwa 2050 kusan mutum ɗaya cikin huɗu a duniya ɗan Afirka ne. Duk da haka kujerun dindindin na Kwamitin Sulhun Majalisar Ɗinkin Duniya suna nan yadda aka tsara su a 1945, ba ko ɗaya ga nahiyar, shekaru bayan ƙasashenta sun nemi biyu a matsayar Ezulwini ta 2005.

Ga yadda nake kallon matsalar. A ɗauki gidan gandu inda maigida ke auna hatsi ga kowane sashe bisa bakunan da ke cikinsa shekara ashirin da suka wuce. Wani sashe ya hayayyafa, wani yaransa sun watse, mudun rabo bai canza ba. Ranar da wani ya ce a sake ƙirga bakuna, ranar za a san wanda tsohon awo ke yi wa daɗi. Yawancin abin da ake kira rikicin yawan jama'a wannan gardamar ce.

2.0 Inda tsofaffi suka rinjayi akwatin zaɓe

Tsarin fansho a Turai da Japan an gina shi ne lokacin da ma'aikata suke da yawa, masu ritaya kaɗan, kuma ba sa daɗewa bayan barin aiki. Yanzu kusan kashi 29 cikin ɗari na mutanen Japan sun kai shekara 65, jama'ar ƙasar tana raguwa tun bayan da ta kai miliyan 128 a wajen 2008, gidajen da ba kowa a cikinsu sun kai miliyan 9. A Janairun 2023 Firaminista Fumio Kishida ya gargaɗi majalisa cewa ƙasar na gab da kasa tafiyar da kanta. Koriya ta Kudu ta fi shiga uku: a 2023 haihuwarta ta sauka zuwa 0.72.

Gyaran lissafin sananne ne, a ƙara shekarun aiki ko a rage abin da ake biya. Mai wuyar shi ne waɗanda gyaran zai taɓa su ne suka fi fita zaɓe. Da Rasha ta ɗaga shekarun ritaya a 2018, na maza daga 60 zuwa 65, na mata daga 55 zuwa 60, farin jinin Vladimir Putin ya yi ƙasa a fili. A Faransa, a 2023, ƙarin shekara biyu kawai, daga 62 zuwa 64, ya fitar da jama'a kan titi wata da watanni, har gwamnatin Emmanuel Macron ta zartar da dokar ta sashe na 49.3 na tsarin mulki ba tare da ƙuri'ar majalisar wakilai ba.

Wasu sun gwada sayen haihuwa. A 2019 gwamnatin Viktor Orban a Hangari ta yafe wa duk matar da ta haifi huɗu harajin albashi har ƙarshen rayuwarta. Sin kuwa, wadda ta ɗora wa iyalai dokar ɗa ɗaya daga 1980, ta sassauta zuwa biyu a 2016, zuwa uku a 2021, amma a 2022 jama'arta ta ragu karo na farko tun 1961, a 2023 Indiya ta wuce ta. Gwamnati na iya hana haihuwa da ƙarfin hukuma. Har yau ba mu ga wadda ta dawo da ita da ƙarfin hukuma ba.

3.0 Kujerun majalisa: Indiya da Labanon

A nan hujjar takardar ta fi fitowa sarari. Kundin tsarin mulkin Indiya ya tanadi a sake raba kujerun majalisar wakilai tsakanin jihohi bayan kowace ƙidaya. A 1976, zamanin dokar ta-ɓaci ta Indira Gandhi, lokacin da hukuma ke tilasta wa talakawa aikin hana haihuwa, aka yi gyara na 42 wanda ya daskarar da rabon a kan ƙidayar 1971. Dalilin da aka bayar yana da ma'ana: kada jihar da ta bi shirin rage haihuwa ta wayi gari an rage mata wakilai, wadda ta yi biris kuma a ƙara mata. A 2001 aka tsawaita wa'adin zuwa ƙidayar farko bayan 2026.

Shekara hamsin sun ishi ƙasa ta canza kama. Jihohin kudu sun sa 'ya'ya mata a makaranta, sun gyara asibitoci, haihuwa ta sauka. Binciken lafiyar iyali na 2019 zuwa 2021 ya sami 1.8 a Kerala da Tamil Nadu, 2.4 a Uttar Pradesh, 3.0 a Bihar. A ƙidayar 2011 Bihar tana da mutum miliyan 104 da kujera 40, Tamil Nadu miliyan 72 da kujera 39. Ke nan ƙuri'ar ɗan Bihar ba ta kai ta ɗan Tamil Nadu nauyi ba, abin da ya saɓa wa tushen dimokuraɗiyya. Idan kuma aka gyara, jihohin kudu biyar masu kujera 129 cikin 543 za su ga kasonsu ya ragu, ƙarfi ya ƙara komawa arewa mai jin Hindi, inda jam'iyyar BJP ta fi kafuwa. Sabon zauren majalisar da aka buɗe a 2023 yana da wurin zaman mutum 888, mutanen kudu kuma sun fahimci abin da wannan adadi ke nufi. A Maris 2025 babban ministan Tamil Nadu na lokacin, M.K. Stalin, ya tara shugabannin jihohi a Chennai don neman a ƙara jinkirta rabon. Abin dariya, abin tausayi, a 2024 jihar Andhra Pradesh ta soke dokar da ta hana mai 'ya'ya fiye da biyu tsayawa takarar ƙaramar hukuma, babban ministanta Chandrababu Naidu yana roƙon jama'a su ƙara haihuwa.

Kowane ɓangare yana da gaskiyarsa, kuma jinkirin ne ya kai su nan. Gyaran da a 1981 zai motsa kujeru 'yan kaɗan, yau zai motsa da dama a lokaci ɗaya.

Labanon ta nuna ƙarshen wannan hanya. Ƙidayar ƙarshe da aka yi mata a hukumance ita ce ta 1932, ƙarƙashin Faransa, wadda ta ba Kiristoci ɗan rinjaye. A kanta aka ƙulla yarjejeniyar 1943: shugaban ƙasa Kirista Maroni, firaminista Sunni, kakakin majalisa ɗan Shi'a, kujeru kuma shida ga Kiristoci a kan kowane biyar na Musulmi. Kiristoci suka fi yin ƙaura zuwa ƙetare, Musulmi suka fi haihuwa, kowa ya san lissafin ya juya, ba wanda ya yarda a ƙirga. Yaƙin basasar 1975 zuwa 1990 yana da dalilai da yawa, ciki har da batun Falasɗinawa da hannun maƙwabta, amma wannan rabo na cikin manyansu. Shaida ita ce yarjejeniyar Ɗa'ifa ta 1989 da ta kashe wutar ta mayar da kujerun rabi da rabi. An yi gyaran da aka guje wa, bayan an binne mutum fiye da dubu ɗari. Har yau ba a sake ƙidaya ba.

Don a ga bambanci, Amurka tana sake raba kujeru 435 bayan kowace shekara goma, bisa ƙa'idar lissafi da aka kafa tun kafin a san sakamako. Bayan ƙidayar 2020 Texas ta ƙaru da biyu, Kalifoniya ta rasa ɗaya karo na farko a tarihinta, New York ta rasa ɗaya saboda gibin mutum 89. An yi gunaguni, aka wuce.

4.0 Nijeriya: ƙidayar da ta zama zaɓe

Mu a nan ba baƙi ba ne ga wannan ciwo. Ƙidayar 1962 an soke ta saboda gardama. Ta 1963 ta ba da mutum miliyan 55.7, Jihar Arewa tana da miliyan 29.8, abin da ya ba ta kujera 167 cikin 312 a zaɓen 1964. Firimiyan Gabas, Michael Okpara, ya ƙi amincewa, gwamnatinsa ta je Kotun Ƙoli, aka yi watsi da ƙarar. Daga rigimar ƙidaya aka faɗa rigimar zaɓe, daga nan sai juyin mulkin Janairun 1966. Ƙidayar 1973, mai miliyan 79.8, Janar Murtala Muhammad ya soke ta a 1975. Ta 1991 ta ba da miliyan 88.9. Ta 2006 ta ba da miliyan 140.4, Kano na da 9.4, Legas 9.1; gwamnatin Legas ta ce nata lissafin ya haura miliyan 17. A ƙidayoyin biyu na ƙarshe ba a tambayi addini ko ƙabila ba, don gudun abin da amsar za ta tayar. Wadda aka shirya yi a 2023 an ɗage ta ana saura kwanaki.

Me ya sa ƙirga kawuna ke zama yaƙi? Saboda abin da aka ɗora a kai. Sashe na 162 na kundin tsarin mulkin 1999 ya sa yawan jama'a cikin ma'aunan rabon asusun tarayya, kuma a rabon da ake yi tsakanin jihohi kashi 30 cikin ɗari a kansa yake. Kujerun majalisar wakilai 360 ma haka. Yawan ƙananan hukumomi, wanda shi ma hanyar kuɗi ce, ya samo asali daga lissafin zamanin soja: Kano 44, Jigawa da aka cire daga cikinta a 1991 tana da 27, Legas 20. Ɗan Legas na kallon wannan a matsayin zalunci, Bakano kuma na ganin ana yi masa hassadar abin da Allah ya ba shi. Muddin kowane kai da aka rubuta kuɗi ne da kujera, to kowane gwamna da kowane hakimi yana da dalilin ƙara sifiri, kowa kuma yana da dalilin zargin maƙwabcinsa.

Ana wannan ja-in-ja, ƙasar ta motsa. Rabon mazaɓu na ƙarshe an yi shi a 1996, ko da yake sashe na 73 ya ɗora wa hukumar zaɓe alhakin sake duba su lokaci-lokaci. Abuja, wadda ko a 2006 tana da mutum miliyan 1.4, wakilai biyu gare ta, Bayelsa mai miliyan 1.7 tana da biyar. Kowa kuma ya san yadda Abuja ta cika ta batse tun daga lokacin. Rikicin Boko Haram ya kwashe ƙauyuka ya zuba a Maiduguri, 'yan bindiga sun yi haka a Zamfara da Katsina da Sakkwato. Duk wanda aka haifa bayan Maris 2006 bai taɓa shiga ƙidaya ba, su ne kuma kusan rabin ƙasar, na farkonsu sun isa jefa ƙuri'a tun 2024.

Akwai maganar da ya kamata mu 'yan Arewa mu faɗa wa kanmu. Binciken lafiya da yawan jama'a na 2018 ya sami haihuwa 6.6 a Arewa maso Yamma, 3.9 a Kudu maso Yamma, Katsina 7.3, Legas 3.4. Wato hanyar da Indiya ta bi muke bi, arewa na ƙaruwa, kudu na lafawa, gardamar rabo kuma za ta ƙara zafi. 'Yan siyasarmu suna son karin maganar nan, sarkin yawa ya fi sarkin ƙarfi, sukan tuna da ita duk shekara huɗu. Amma mafi yawan yaran Nijeriya fiye da miliyan 10 da ba sa zuwa makaranta a yankinmu suke. Wanda ya karɓi kaso da sunan yaro, ya ci zaɓe da ƙuri'ar uban yaron, sannan ya bar shi da kwanon bara, ba shi da bakin yin alfahari da yawa.

5.0 Ƙaura, da abin da ya shafi Nijar

Ƙasar da ta tsufa tana buƙatar hannun aiki, masu zaɓenta kuma ba sa son baƙi. Jamus ta karɓi masu neman mafaka kusan 890,000 a 2015. Jam'iyyar AfD mai ƙyamar baƙi ta shiga majalisa a 2017 da kashi 12.6, a 2025 ta zo ta biyu da kashi 20.8. Wannan Jamus ɗin ce ta sa hannu da Kenya a 2024 kan ɗaukar ma'aikata. Giorgia Meloni ta hau mulkin Italiya a 2022 da alkawarin tare jiragen baƙin haure, gwamnatinta kuma ta amince da izinin aiki 452,000 ga 'yan ƙetare na 2023 zuwa 2025. Ana rufe ƙofar gaba don masu zaɓe su gani, ana buɗe ta baya don gonaki da gidajen kula da tsofaffi.

Nijar ta ɗanɗana kuɗar wannan siyasa. Dokar 2015 da ta haramta safarar baƙin haure, wadda Tarayyar Turai ta mara wa baya, ta karya sana'ar direbobi da masu masauki a Agadas, har gwamnatin soja ta Janar Abdourahamane Tiani ta soke ta a Nuwamban 2023. Ga kuma kalaman Macron a taron G20 na Hamburg a 2017, inda ya ɗora matsalar Afirka a kan matan da ke haifar bakwai ko takwas. Irin wannan magana daga bakin tsohon mai mulkin mallaka ita ke sa duk wanda ya ambaci tazarar haihuwa a Maraɗi ko Damagaram a ɗauke shi ɗan koren Turawa. Alhali ƙasar da take da mutum miliyan 3 da 'yan kai a 1960, ta kai miliyan 17.1 a ƙidayar 2012, ta haura miliyan 25 yanzu, tana buƙatar ta yi wannan muhawara da kanta, da malamanta, don gonar da ake rabawa gado ba ta ƙaruwa.

6.0 Matasa, da matsayar wannan takarda

Jack Goldstone a 1991 da Henrik Urdal a 2006 sun nuna cewa inda matasa suka yi yawa, hanyar samu kuma ta toshe, haɗarin tarzoma na ƙaruwa. David Bloom da Jeffrey Williamson a 1998 sun nuna ɗaya gefen: kaso mai tsoka na bunƙasar gabashin Asiya ya zo ne lokacin da masu aiki suka fi waɗanda ake ciyarwa yawa, aka kuma ilimantar da su. Koriya ta Kudu, wadda haihuwarta ta sauka zuwa 0.72, tana haifar kusan shida a 1960. Iran ta sauko daga sama da shida a tsakiyar shekarun 1980 zuwa kusan biyu a 2000, da yardar malamanta. Bangladash ta yi makamancin haka. Don haka addini bai isa ya zama bayanin komai ba. Karatun 'ya mace da rayuwar jariri su ne suka fi yin aiki a ko'ina.

Matasan da tsohon rabo ya manta da su suna neman hanya. A Sanagal ta akwati suka bi, suka zaɓi Bassirou Diomaye Faye yana gab da cika shekara 44 a Maris 2024. A Kenya, a Yunin shekarar, majalisa suka kutsa har Shugaba William Ruto ya janye dokar haraji. A Bangladash gardamar kason guraben aikin gwamnati ce ta kori Firaminista Sheikh Hasina a watan Agusta. Nijeriya ta rage shekarun tsayawa takara a 2018, amma a zaɓen shugaban ƙasa na 2023, cikin mutum miliyan 93.4 da suka yi rajista, kusan kashi 27 ne kawai suka fita. Ban ɗauki wannan shirun a matsayin gamsuwa ba.

Matsayata ita ce, neman ƙidayar gaskiya da na'ura kaɗai ba zai wadatar ba, don na'ura ba ta hana wanda ya sha kaye ya ce an yi maguɗi. Sai an rage ganimar da ke kan adadin. A sassauta nauyin yawan kawuna a rabon asusun tarayya, a ɗora wani kaso a kan abin da za a iya tantancewa, kamar yaran da suka kammala firamare da jariran da aka yi wa rajista. A 2018 kashi 43 cikin ɗari ne kawai na 'yan ƙasa da shekara biyar ke da rajistar haihuwa. Jihar mai yara da yawa ba ta yi asara a wannan tsari ba, sai dai kuɗin zai biyo yaron zuwa aji. Sannan a amince da ƙa'idar sake raba mazaɓu, da matakan aiwatar da ita sannu a hankali, tun ba wanda ya san abin da ƙidaya za ta nuna, domin bayan an ga alƙaluma ba mai yarda da ƙa'idar da za ta rage masa.

Ina kira ga 'yan majalisar tarayya da gwamnonin Arewa, su da ake ganin tsohon lissafi ya fi yi wa daɗi, su zama na farko da za su kawo wannan tayi teburin shawara, kafin ma'aikacin ƙidaya ya yi sallama a ƙofar gida na farko.